Me Ya Sa 'Yan Sandan Los Angeles Ba Sa Tambayar Baƙo Takardunsa?

A ƙasar Amurka, sha'anin shige da fice aikin Gwamnatin Tarayya ne, amma 'yan sandan da ke sintiri cikin gari, hukumar birni ke da su.

Tun cikin 1979 shugaban 'yan sandan Los Angeles, Daryl Gates, ya ba da wani umurni mai lamba 40, wanda ya hana ɗan sanda tare mutum don kawai ya binciki ko yana da izinin zama a ƙasar. Kada mai karatu ya zaci tausayi ne ya motsa Gates, don shi mutum ne da aka sani da tsanani. Lissafi ya yi. Baƙon da ke tsoron a kore shi, in an yi masa fashi ba zai kai ƙara ba, in an kashe maƙwabcinsa a idonsa ba zai ba da shaida ba. Ɓarayi kuwa sun san haka sarai.

A ƙarshen 2024 Majalisar birnin ta ƙara da dokar da ta hana a yi amfani da ma'aikatanta ko dukiyarta wajen kamen baƙi. Sai dai ikonta bai kai kan jami'an Tarayya ba. Cikin watan Yunin 2025 suka shiga wuraren aiki suna kame, zanga-zanga ta ɓarke, Shugaba Trump ya turo soja, kuma kafin watan ya ƙare gwamnatinsa ta kai birnin kotu a kan wannan doka.