Ciwon Sukari Na Yara: Daren Da Uwa Ba Ta Runtsawa A Sabon Garin Minna

Hausawa na cewa barci ɓarawo ne. Amma a unguwar Sabon Gari ta Minna, babban birnin Jihar Neja, akwai gidajen da ba a yarda ɓarawon nan ya saci uwa. Su ne gidajen da ke da yaro mai ciwon sukari irin na yara, watau wanda jikinsa ya daina yin sinadarin insulin, sai da allura kullum muddin rai.

Dalilin rashin barcin shi ne, allurar da aka fi samu a nan ƙasar gauraye ce, ana yinta safe da yamma. Ta yamma kuwa takan kai ganiyar ƙarfinta can tsakar dare. Idan yaro bai ci tuwon dare sosai ba, ko ya wuni yana buga ƙwallo, sukarin jininsa na iya faɗuwa ƙasa da 70 yana cikin barci. Sai gumi da makyarkyata da mugun mafarki, wani lokaci har farfaɗiya da suma. Saboda haka ne uwa kan tashi wajen ƙarfe biyu ko uku na dare da tocila a hannu, ta soki yatsan ɗanta ta auna jini. Gari na wayewa kuma ga girki, ga kasuwa.

A ƙasashen Turai da Amurka an daɗe ana neman hanyar sauƙaƙa wannan wahala. A 1921 aka gano insulin a Toronto ta ƙasar Kanada, aka fara yi wa wani yaro mai shekara 14 allurarsa a Janairun 1922. A 1963 wani likitan Amurka, Arnold Kadish, ya ƙera famfon da ke tura insulin cikin jiki, amma girmansa ya kai jakar goyo. A 1978 likitocin asibitin Guy's na birnin Landan suka ba da rahoton gwajin ƙarami. Na yanzu bai fi ƙaramar wayar hannu ba. Dare da rana yana ɗiga maganin kaɗan-kaɗan ta wani siririn bututu da ke ƙarƙashin fata.

A 2016 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da famfon MiniMed 670G, wanda ke aiki tare da wani ɗan ma'auni da ake mannawa a fata. Ma'aunin na duba sukari kowane minti 5, famfon kuma ya rage ko ya ƙara magani da kansa. Irin wannan ne ya fi ba iyaye barci, domin ya karɓe musu gadin dare.

Duk da haka famfon ba ya rasa tasa matsalar. Ƙararrawarsa kan tashi mutanen gida, wani lokaci ba gaira ba dalili. Ana sauya bututun kowane kwana 2 ko 3. In kuwa ya toshe cikin dare ba a lura ba, sukari na iya hawa cikin 'yan sa'o'i har ya kai yaro gadon asibiti. Bugu da ƙari kuɗinsa dubban daloli ne, ban da kayan sauyi na kowane wata. Wannan ya fi ƙarfin talaka.

A Sabon Gari ma adana maganin kansa aiki ne. Insulin na son sanyin firji, awo 2 zuwa 8 a ma'aunin zafi, ga shi Minna na ƙuna a watan Maris. Jihar Neja ce ke da madatsun Kainji da Shiroro, amma wuta sai ta ga dama. Inda babu firji, akan sa kwalbar cikin leda a ajiye a ƙaramin tulu, a sa shi cikin babba, a cike tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi. Irin dabarar nan ce ta jawo wa Malam Mohammed Bah Abba na Jihar Jigawa lambar yabo ta Rolex a 2000.

To, ina abin ya shafi 'yan Arewa mazauna Agege da Idi Araba da Sabon Ibadan? Da yawansu su ne ke ɗauke da gida. Mai ɗa ko ƙane da ke fama da wannan ciwo, tsarabar da ta fi atamfa ita ce na'urar awon sukari da isassun tsinkayenta, da kuɗin insulin na wata-wata ba yankewa. Kada a aika da sassaƙe a ce a bar allura. Yaron da aka yanke wa insulin na iya rasa ransa cikin 'yan kwanaki.

A gida kuma, a ajiye sukarin ƙwaya kusa da shimfiɗa. In sukari ya faɗi yaro na cikin hayyacinsa, a ba shi ƙwaya biyu ko uku, a sake awo bayan minti 15. In ya suma, kada a ɗura masa kome, a kwantar da shi ta gefe, a garzaya Babban Asibitin Minna. In faɗuwar dare ta yawaita, likita ne zai gyara awon allurar yamma.

Daga ƙarshe, gadin dare ba na uwa kaɗai ba ne. Maigida da yayye da gwaggo duk suna iya koyon awon jini, a riƙa karɓa-karɓa. Kafin famfo ya zo hannun talaka, hannu da yawa shi ne maganin rashin barci.