Makomar kwal wajen samar da wutar lantarki

Wutar lantarkin da ke isa Argungu da Augie a jihar Kebbi ba daga kwal take fitowa ba. Najeriya ta dogara ne a kan iskar gas da madatsun ruwa irin ta Kainji, duk da cewa tun 1909 aka gano kwal a yankin Inugu.

A Nijar kuwa, kamfanin Sonichar yana samar da wuta da kwal a jihar Agadas tun 1981.

Sai dai samun kuɗin gina sabbin tashoshin kwal ya ƙara wuya, bayan da ƙasar Sin ta sanar a 2021 cewa za ta daina gina su a ƙetare.

Don haka ga manoman shinkafa a fadamar Augie, masu fama da tsadar man injin ban ruwa, hasken rana ya fi kwal kusa.