BULALA A MAKARANTA: INA SHARI'A TA TSAYA?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwana Musulmi, akwai wata mas'ala wadda ba ta rabuwa da bakin iyaye, ko a rumfar kasuwa ko a ofis, watau dukan yara a makaranta. Jama'a sun kasu biyu a kanta. Waɗansu suna cewa bulala ita ce gishirin karatu, ranar da aka ɗauke ta tarbiyya ta mutu. Waɗansu kuwa suna cewa duka kowane iri zalunci ne, a hana shi ɗungum. Na farkon sukan jingina da addini, na biyun sukan jingina da zamani. Abin da ya wajaba a kanmu shi ne mu koma ga Sunna da maganganun malamanmu na fiƙihu, mu ga abin da suka halatta, sa'an nan mu gwada shi da abin da ake yi wa 'ya'yanmu yau.

Hujjar masu duka

Babbar hujjarsu ita ce hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, wanda ma'anarsa ita ce a umarci yara da salla suna da shekara 7, a doke su a kan barinta idan sun kai shekara 10, a kuma raba musu wurin kwanciya. Malamai sun karɓi wannan hadisi, ba mu da ja a kansa. Amma mu dube shi da kyau. Tsakanin umarni da duka akwai shekara 3 cur. Idan ka lissafa salloli 5 a kowace rana, za ka sami fiye da salla 5,000 waɗanda a cikinsu ba abin da aka yarda wa uba sai tunatarwa da lallashi. Wannan kuwa a kan salla ne, wadda ita ce ginshiƙin addini. To, idan a kan salla an hana ɗaga hannu kafin shekara 10, ina hujjar mai zane yaro ɗan shekara 5 don ya kasa bambanta baƙi da baƙi a allo, ko ya manta jadawalin lissafi?

Har wa yau, malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun gindaya sharaɗi biyu ga wannan duka: kada ya zama mai tsanani, kuma sai an yi zaton zai yi amfani. Idan an san ba zai gyara yaron ba, to, babu shi. Ashe duka a wurinsu magani ne na ƙarshe, kamar sakiya ga ƙurji. Ba wanda ke yi wa lafiyayyen jiki sakiya kowace safiya.

Yadda Annabi ya koyar

Muslim ya ruwaito daga Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, cewa Manzon Allah bai taɓa dukan mace ko hadimi da hannunsa ba. Anas ɗan Malik ya shiga hidimarsa yana yaro ɗan kimanin shekara 10, ya yi masa hidima shekara 10, ya kuma shaida cewa bai taɓa yi masa ko tsaki ba. Kada a ce Anas ba ya kuskure. Shi da kansa ya ba da labarin ranar da aka aike shi, ya tarad da yara suna wasa ya tsaya wurinsu, har Annabi ya iske shi, ya kama ƙeyarsa yana murmushi, ya tambaye shi ko ya je aiken.

Haka Umaru ɗan Abu Salama, yaron da ya tashi a gidan Annabi. Hannunsa yana yawo cikin akushi, sai aka koya masa da magana uku: ya ambaci sunan Allah, ya ci da dama, ya ci abin da ke gabansa. Ya ce tun daga ranar bai sake cin abinci ta wata hanya ba. Mu'awiya ɗan Hakam kuwa magana ya yi cikin salla bisa jahilci. Ya ce bai taɓa ganin malamin da ya fi Annabi iya koyarwa ba, domin bai tsawata masa ba, bai doke shi ba, bai zage shi ba. Duk wanda ya zauna a kan buzun koyarwa, ko ya tsaya gaban allon aji, gadon wannan Malami ya ɗauka. Ya kamata ya tambayi kansa wane ɓangare na gadon ya riƙe.

Iyakokin da malaman Ƙairawan suka sa

Ba yau Musulmi suka fara tattauna wannan al'amari ba. Muhammadu ɗan Sahnun, malamin Ƙairawan ta ƙasar Tunisiya, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, daidai da 870 ta Miladiyya, ya wallafa littafi musamman a kan ladubban malaman yara, mai suna Adabul Mu'allimin. Mahaifinsa shi ne Sahnun mai Mudawwana, saboda haka ba baƙo ba ne ga ɗalibanmu. Bayansa Abul Hasan Alƙabisi, wanda ya rasu a 403 bayan Hijira, watau 1012, ya faɗaɗa maganar. Ga taƙaitaccen abin da suka tsayar.

Na farko, kada malami ya wuce bulala 3 sai da izinin uban yaro. Ko da izinin ma, kada ya wuce 10, domin Buhari da Muslim sun ruwaito hanin wuce bulala 10 in ba cikin haddi ba. Na biyu, kada ya yi duka yana cikin fushi, gama a wannan hali zuciyarsa yake huce wa, ba yaron yake gyarawa ba. Na uku, ba a dukan kai, ba a dukan fuska. Na huɗu, ba a horon yaro da hana shi ci da sha. Na biyar, malami ba ya miƙa wa wani yaro bulala ya doki ɗan'uwansa. Alƙabisi ya daɗa da cewa malami ya kiyayi baƙar magana, kamar kiran yaro biri, kuma ya fara da gargaɗi da jan kunne kafin ya kai ga sanda. Sun kuma yi bayanin cewa wanda ya ƙetare iyaka har ya raunata yaro, akwai lamuni a kansa.

To, jama'a, mu ɗauki wannan ma'auni mu shiga makarantunmu, na allo da na Islamiyya da na boko. Mari a fuska fa? An hana. Rankwashi a kai fa? An hana. Gardi ko monita da aka bar wa dorina ya yi yadda ya ga dama fa? An hana. Zane aji gaba ɗaya don ba a san mai surutu ba fa? Ba mai ɗaukar laifin wani. Dukan yaro don ubansa bai biya kuɗin Laraba ko kuɗin zango ba fa? Wannan ya fi duka muni, domin bashin uba ake karɓa a bayan ɗa. Idan muka yi wa kanmu adalci za mu ga mafi yawan dukan da ake yi da sunan tarbiyya, fiƙihun da muke taƙama da shi ne ya fara haramta shi.

Abin da duka ke haifarwa

Ibn Khaldun, wanda ya rasu a Alƙahira a 808 bayan Hijira, watau 1406, ya keɓe fasali a cikin Muƙaddima a kan cewa tsanantawa ga ɗalibai cutarwa ce gare su. Bayaninsa shi ne, yaron da aka rene shi da ƙarfa-ƙarfa yakan rasa walwala da himma, ya koyi kasala da ƙarya da makirci, domin ya saba nuna abin da ba shi ne a zuciyarsa ba don tsoron hannun da ke bisa kansa. Imamu Gazali ma, wanda ya rasu a 505 bayan Hijira, ya yi nasiha a cikin Ihya'u cewa a yaba wa yaro a bainar jama'a idan ya kyautata, a kau da kai daga kuskurensa na farko, a yi masa faɗa a asirce idan ya maimaita, kada kuma a yawaita zargi har ya daina jinsa. Ya ce a bar shi ya yi wasa bayan karatu, domin hana shi wasa yana kashe masa zuciya.

Ku da kuke kasuwa da ofisoshi kun fi kowa sanin sakamakon wannan. Yaron shagon da ke riƙon amana muddin maigida yana zaune, ya saka hannu a aljihun tebur da zarar ya ba da baya, da ma'aikacin da ba ya aiki sai ya ji takun shugabansa, ina suka koyi wannan hali? Wanda aka koya masa tsoron bulala kaɗai, idan bulala ta kau ba sauran abin da zai tsare shi. Abin da muke nema mu dasa shi ne tsoron Allah, wanda ke tare da mutum ko cikin duhun ɗaki.

Nakan ji dattawa suna cewa, ai mu an doke mu, ga shi kuwa mun zama mutane. Ni ma na sha dorina, kuma ina yi wa malamaina addu'a kullum. Amma ina tuna wani abokin karatuna mai in'ina, wanda ya fi mu hadda nesa ba kusa ba. Da ya ga bulala sai harshensa ya sarƙe, da harshen ya sarƙe sai bulala ta sauka. Wata rana ya ajiye allonsa bai sake dawowa ba. Mu da muka tsira mu ne muke ba da labari, waɗanda suka gudu ba wanda ya ƙidaya su. Maganar nan kuma da ake yi, wai inda bulalar malam ta taɓa wuta ba ta ci, ba aya ba ce, ba kuma hadisi ba.

Mun ga inda rashin iyaka ke kaiwa. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fitar da mutane fiye da 300, yara da manya, daga wani gidan mari a unguwar Rigasa ta Kaduna, waɗansu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya. A wata mai bi masa aka sami irin wannan a Daura. A 2021 kuma hoton bidiyon dukan da aka yi wa ɗalibai a wata makarantar Arabiyya a Jihar Kwara ya bazu, har gwamnatin jihar ta sa baki. Duk waɗannan an jingina su ga sunan Musulunci, abokan gaba suka sami abin faɗi, alhali Musulunci ya barranta daga gare su.

Shin hani al'adar Turawa ce?

Ƙasar Suwidin ta hana dukan yara baki ɗaya, har a gida, a 1979. Ingila ta yi dokar hana shi a makarantun gwamnati a 1986. Afirka ta Kudu ta hana shi a makarantu a 1996, Kenya kuma a 2001. Saboda haka waɗansu suke ganin duk mai sukar bulala ɗan koren Turawa ne. Amma Ibn Sahnun ya riga dokar Suwidin da fiye da shekara 1,100, kuma Turawan da kansu sun daɗe suna zane 'ya'yansu da sanda. Ba aron komai muka yi ba, kayanmu ne da muka manta.

Sai dai ban yarda da masu cewa a ƙwace bulala kawai a bar malami hannu rabbana ba. Malamin da aka tara wa yara fiye da yadda muryarsa za ta kai, albashinsa bai zo kan kari ba, ba a kuma koya masa wata dabara ba, idan aka ce kada ya taɓa kowa aka yi shiru, an haɗa shi da abin da ya fi ƙarfinsa. Haka iyayen da ke zuwa makaranta su ci mutuncin malami a gaban ɗansu don ya tsawata masa, su ma ɓarna suke yi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wannan gaskiya ne. Amma mai tanƙwara icce a hankali yake bi, in ya yi gaggawa sai ya karye a hannunsa.

Abin da nake gani

Duka izini ne mai sharuɗɗa, ba wajibi ba ne, ba wanda zai yi zunubi don ya bar shi. Sanannen abu ne kuma a fiƙihu cewa shugaba yana da ikon taƙaita abin da aka halatta idan ɓarnarsa ta rinjayi amfaninsa. Tun da sharuɗɗan nan sun yi wuyar cikawa a cikin cunkoson azuzuwanmu, ra'ayina shi ne a ɗauke bulala daga hannun malamin aji da gardi da monita. Kuskuren karatu ba laifi ba ne, maganinsa maimaitawa. Makara da surutu da rashin yin aikin gida, a hore su da ƙarin aiki mai amfani, ko janye wata alfarma, ko kiran uba. Manyan laifuffuka kamar sata da cin zalin ƙanana, a kai su gaban shugaban makaranta tare da waliyyin yaron, a rubuta abin da aka yanke. Inda hukuma ta hana duka, to, a bi, domin biyayya ga shugaba cikin abin da ba saɓon Allah ba wajibi ce.

Ku kuma iyaye, da ku ake gina makarantun Islamiyya, ku ne kuma a kwamitocinsu. Kafin ka sa ɗanka a makaranta, ka tambayi yadda ake horo a cikinta kamar yadda kake tambayar kuɗinta. Ka riƙa duba jikin yaronka, ka saurare shi idan ya fara ƙin zuwa karatu. Ka kuma kyautata wa malaminsa, ka biya shi hakkinsa a kan lokaci, gama mai jin yunwa ba shi da dogon haƙuri.

Ga 'yan'uwana malamai kuwa, ina tunatar da mu labarin Abu Mas'ud Albadari da Muslim ya ruwaito. Yana cikin dukan wani yaronsa da bulala sai ya ji murya a bayansa, amma saboda fushi bai gane ta ba. Da ya waiwaya sai ya ga Manzon Allah ne, yana sanar da shi cewa Allah Ya fi iko a kansa fiye da ikonsa a kan wannan yaro. Nan take bulalar ta faɗi daga hannunsa, bai kuma sake dukan bawa ba har abada. Yaran nan amana ce a hannunmu, kuma za a tambaye mu a kan kowace bulala ranar da ba wani malami sai Mai sakamako.

Allah Shi ne Mafi sani. Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya gafarta mana kurakuranmu, amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.