Kafin Ki Sayi Injin Donat

A Tambuwal da Dogon Daji, har zuwa Kebbe, donat ya samu wuri a farantin baƙi kusa da cincin, musamman ranar suna ko sallah. Shi ya sa mata da yawa ke ba da sautun "injin donat" idan wani zai shiga Sakkwato. Matsalar ita ce abubuwa biyu ne ake kira da wannan suna, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne.

Na farko mai amfani da lantarki ne, mai murfi, da gurabe kamar bakwai, kowanne da ɗan tsini a tsakiya. Wannan ba ya soya komai, gashi yake yi. Duk wadda ta iya zuba masa a tanda ta riga ta san rabin aikinsa: a shafa mai kaɗan, a zuba ƙullu, a jira. Bambancin kawai shi ne zafin yana zuwa daga sama da ƙasa lokaci guda, don haka babu juyawa. Ƙullunsa irin na kek ne: fulawa kofi 2, sukari rabin kofi, ƙwai 2, madara kusan kofi 1, narkakken bota cokali 4, bekin foda ƙaramin cokali 2, gishiri da ɗan gyaɗar ƙamshi. Kada ki buga shi da yawa, zai yi tauri. Ki ɗura a leda mai tsabta, ki yanke kusurwarta, ki matsa a gurbi ba tare da kin cika shi maƙil ba. Cikin minti 3 zuwa 5 ya yi.

Amma ki duba ƙarƙashin injin kafin ki biya. Yawancinsu suna jan wat 700 zuwa sama da 1,000. Ƙaramin janareton da ke ɗaukar fanka da ƙwan fitila zai shaƙe idan aka jona shi, haka ma ƙaramar sola. Idan kuwa wuta ta ɗauke bayan kin haɗa ƙullu, bekin foda ba ya jiran kowa. Ƙarfinsa na raguwa yana zaune a kwano.

Na biyun na roba ne ko ƙarfe, kamar kofi mai abin dannawa a sama. A cika shi da ƙullu mai ɗan kauri, a riƙe dab da mai mai zafi, a danna, zobe ya faɗa. A ganina shi ya fi dacewa da yawancin gidajenmu, don gawayi ko gas ya ishe shi. Wahalarsa tana wajen mai. Ana so zafinsa ya kai digiri 175 zuwa 180. Ki ɗiga ƙullu kaɗan: idan ya taso nan take yana kumfa, ya yi, idan ya kwanta a ƙasa, donat zai sha mai, idan ya yi baƙi kafin ki kifta ido, rage wuta.

Ramin nan na tsakiyar donat ba ado ba ne. Shi ke barin zafi ya ratsa, don kada waje ya ƙone ciki na ɗanye. Wani matuƙin jirgin ruwa a Amurka, Hanson Gregory, ya yi iƙirarin shi ya fara huda donat a 1847, sannan Adolph Levitt ya ƙera injin yin sa a New York a 1920.

Donat mai yis, mai laushin nan irin na gidan burodi, ba na ɗayan injinan biyu ba ne. Kwaɓi ne da ake murzawa, a yanka da bakin kofi, a huda da murfin kwalba. A zafin bazara, da ke wuce digiri 40 a nan, yana iya tashi kafin awa guda. Da hunturu sai an rufe shi an ajiye kusa da murhu. Mai niyyar saidawa ga 'yan makaranta ta sani cewa gasasshen donat na injin lantarki yana saurin bushewa a iskarmu, don haka ta gasa na yini ɗaya kawai, ta bari ya huce kafin ta ƙulla a leda.