Ganyen Ƙasar Sin Da Masassarar Damina

Ruwa ya sauka, gero ya yi kore daga Buza har Keita. A fadamun Magiya da na Tarka kuwa ruwa ya kwanta, sauro ya samu wurin hayayyafa. A watannin Agusta da Satumba ne asibitocinmu ke cika da yara masu masassara. Lokacin nan maigida yana gona, sai a ce a bari sai gobe. To, jama'a, mu duba abin da ke faruwa cikin jikin yaro kafin goben ta zo.

Duk mai garkar albasa ya san hanyar ruwa. In ta toshe, fangalin da ke can ƙarshe shi ne zai fara bushewa. Haka jikin mutum yake. Jini na bin ƙananan jijiyoyi, yana kai wa kowace gaɓa iskar da muke shaƙa, wadda likitoci ke kira oksijan. Idan sauro mai cuta ya ciji yaro, cutar takan shige cikin jajayen ƙwayoyin jini, ta sa su yi danƙo. Sai su manne a bangon jijiyoyin, hanya ta cushe, ƙwaƙwalwa ta rasa iska. Daga nan yaro ya fara jijjiga ko ya suma, wasu su ce iskoki ne. Cutar takan kuma farfasa ƙwayoyin jinin, tafin hannu da cikin ido su yi fari.

Maganin da ya fi ƙarfin wannan cuta daga wani ganye na ƙasar Sin aka samo shi, ɗan'uwan tazargade. Fiye da shekara 1,600 da suka wuce, wani masaninsu mai suna Ge Hong ya rubuta cewa a jiƙa ganyen a ruwa, a matse, a sha. Wata masaniya, Tu Youyou, ta karanta wannan bayani, ta lura bai ce a dafa ba. Sai ita da abokan aikinta suka daina amfani da zafi mai yawa. A 1972 suka ware sinadarin da ake kira artemisinin. A 2015 aka ba ta kyautar Nobel.

Amfaninsa shi ne yana kashe cutar tun tana ƙarama, kafin jini ya yi danƙo ya toshe hanya. A 2010 an bayyana sakamakon wani gwaji da aka yi kan yara 5,425 a ƙasashe 9 na Afirka. Allurar artesunat, wadda ake yi da wannan sinadari, ta rage mace-mace da fiye da kashi 1 cikin 5 idan aka gwada da kinin.

Sai dai a kula. Jiƙon ganye ba ya maye gurbin maganin likita, don ba mai sanin yawan sinadarin da ke cikin ƙwarya. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda da shi ba. Ƙwayar da aka saya wurin mai talla ma tana iya zama jabu.

Ga abin da ya kamata mu yi:

1. Jikin yaro ya yi zafi, a kai shi asibiti ran nan, a gwada jininsa a yatsa.
2. Ƙwayoyin da ake kira Coartem, sau 2 ake shan su a rana har kwana 3, tare da nono ko abinci. A shanye duka, ko da yaro ya tashi yana wasa.
3. Jijjiga, suma, amai ba tsayawa, ko kasa kama nono, alamu ne na haɗari. Ko da tsakar dare ne, a ɗaura amalanke.
4. Kowa ya kwana cikin gidan sauro.

Maigida, noman yini ɗaya ana iya rama shi. Ƙwaƙwalwar da ta daɗe ba iska kuwa, ba kullum take komawa yadda take ba.