Na'ura mai karanta rubutun hannu

Duk wanda ya fito daga ajin yaƙi da jahilci ya san wuyar da ya sha kafin hannunshi ya saba da alƙalami. Ga shi yau aikin biro ya koma bisa na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta, kuma buga baƙaƙenta wani karatu ne dabam. Don haka masana sunka daɗe suna biɗar dabarar da mutum zai rubuta da hannu, na'ura ta maida rubutun na ɗab'i.

Hanya biyu ce. Ta farko, a rubuta bisa gilashin na'ura, tana bin tafiyar alƙalami, inda ya soma da inda ya ɗaga. Ta biyu, a ɗauki hoton takardar da anka riga anka rubuta. Wagga ta fi wuya, don tawada kaɗai na'ura ke gani.

Abin bai zo da sauƙi ba. A 1993 kamfanin Apple na Amurka ya fitar da Newton, wadda ta riƙa kuskuren karatu har ta zama abin dariya. Anka daina yin ta a 1998. Palm Pilot ta 1996 ta bi ta wata ƙofa: mutum ne ke koyon baƙaƙen da anka sauƙaƙa ma na'ura. Amma tun 1989 wani Bafaranshe, Yann LeCun, ya nuna hanyar da ta ɗore. Ya ba na'ura dubban lambobi da mutane sunka rubuta bisa wasiƙun gidan waya, ta yi ta gwaji ana gyara mata, har ta iya gane hannun da ba ta taɓa gani ba.

Ke nan na'ura abin da anka koya mata shi ta sani. Nan ne zancen ya shafi Hausa. In ba a nuna mata ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba, sai ta ɗauki ƙugiyarsu kamar zamewar hannu, ta maida baƙi baki, ɓata ta koma bata. Cikin takardar gona ko ta shari'a, wanga kuskure ba ƙarami ba ne. Haka littattafan ajami da ke aje a cibiyar IRSH ta Yamai: sai an tara misalai masu yawa, malamai sun duba su, kafin na'ura ta karanta su daidai.

Saboda haka, mai rubutu ya fitar da ƙugiya sosai, ma'aikaci kuma ya sake karanta abin da na'ura ta fitar kafin ya sa hannu.