3.2 Amfani da Siginar Rediyo Wajen Yi wa Jiragen Sama Jagora a Kaduna

Kamar yadda aka nuna a sashen da ya gabata, jiragen farko da suka iso Kaduna a watan Nuwamba na shekarar 1925 sun dogara ne da ido da taswira da kamfas. Wannan hanya kuwa ba ta da tabbas a arewacin Nijeriya, musamman da hunturu, lokacin da hazo kan rufe sararin samaniya har matuƙi ya kasa hango ƙasa. A irin wannan hali matuƙi na bukatar amsar tambayoyi uku: ina filin yake, nawa ne nisansa, kuma ta yaya zai sauka? Siginar rediyo ce ke ba shi waɗannan amsoshi.

Na farko, akwai tashar NDB, wadda ke watsa sigina ta kowace fuska, sai wata allura a cikin jirgi ta nuna inda tashar take. Rauninta shi ne walƙiyar damina kan karkatar da allurar. Tashar VOR ta fi ta inganci. Ita tana aiki tsakanin megahaz 108 da 117.95, tana kuma aika sigina iri biyu, waɗanda bambancinsu ke gaya wa matuƙi layin da yake kai daga cikin layuka 360 da suka fito daga tashar.

Na biyu, na'urar DME ce ke auna nisa. Jirgi kan aika sigina, tashar ƙasa ta mayar da amsa, sai a lissafa nisan daga lokacin da amsar ta ɗauka.

Na uku, na'urar ILS kan ɗora jirgi a kan tsakiyar titin sauka, ta kuma gangaro da shi a kan kusurwa ta kimanin digiri 3.

Muhimmancin waɗannan na'urori ya fito fili a shekarar 2017, lokacin da aka rufe filin jirgin saman Abuja na tsawon mako 6 domin gyaran titinsa, aka karkatar da jiragensa zuwa filin Kaduna da ke arewa maso yammacin birnin. Kula da irin waɗannan na'urori na hannun hukumar NAMA, wadda aka kafa a shekarar 1999.

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa, duk da shigowar GPS, tashoshin ƙasa su ne madogara idan siginar tauraron ɗan'adam ta yanke.